Amsa ga Malama mai tambaya kan littattafan hotuna marasa rubutu

Assalamu alaikum. Malama, da na karanta tambayarki cewa an kawo muku littattafan da babu ko harafi ɗaya a cikinsu, kuma duk lokacin da kika buɗe su sai yaran aji ɗaya su zuba miki ido su yi tsit, sai na ji kamar ni ce na rubuta ta, domin na sha wannan wahalar har na kusa kulle littattafan a kabad.

Yaranmu sun saba malami ya faɗa su maimaita, saboda haka idan kika nuna musu hoto kika ce su yi magana, jira suke su ji amsar daga bakinki, kuma suna tsoron bulala idan suka kuskure. Abin da ya buɗe bakin nawa yaran shi ne tatsuniya. Nakan ɗaga littafin in ce "Ga ta nan, ga ta nanku", su amsa "Ta zo mu ji ta", sannan in gaya musu cewa yau su ne masu bayarwa. Kada ki tambaye su abin da ke cikin hoton, domin za su ce "akuya" su yi shiru. Ki tambaye su inda akuyar ta fito, da dalilin da ya sa take gudu, da abin da mai ita zai ce idan ya dawo. Kuma don Allah kada ki gyara labarin yaro, ko da ya saka Gizo a shafin da babu Gizo.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ne ranar da wani jami'in duba makarantu ya shigo ajina, ya tarar da wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba tana tsaye tana ba da labari. Ya karɓe littafin daga hannunta, ya jujjuya shi, ya tambaye ni a gaban ɗalibaina ko gwamnati tana biyana albashi ne domin kallon hotuna. Ya ce littafin da babu rubutu ba littafi ba ne, ya rubuta a rahotonsa cewa ina ɓata lokacin darasi, kuma shugaban makarantarmu yana tsaye bai ce uffan ba, alhali shi ne ya miƙo mini littattafan da hannunsa. Yarinyar nan ta zauna ta sunkuyar da kai, aka yi makonni ban sake jin muryarta ba. Har yau idan na tuna yadda ya jefa littafin a kan teburi sai zuciyata ta yi zafi, domin mutumin bai tsaya ya saurari ko jimla ɗaya daga bakinta ba.

Da ya tambaya da ladabi, da na gaya masa cewa tun 2012 IBBY, wata ƙungiyar duniya mai kula da littattafan yara, take tara irin waɗannan littattafai domin yaran 'yan gudun hijira da ke sauka a tsibirin Lampedusa na Italiya, saboda kowane yaro yana iya karanta su da harshen uwarsa. Idan littattafan naki sun cika da dusar ƙanƙara da abubuwan da yaranmu ba su sani ba, ki duba shafukan intanet na littattafan yara kamar Book Dash na Afirka ta Kudu ko StoryWeaver na Indiya, akwai marasa rubutu kyauta da za ki iya bugawa a shagon kwamfuta. Ki lura kuma da yaran da suka fara da makarantar allo, domin wasunsu daga dama suke buɗe littafi, sai labarin ya zo musu daga ƙarshe; ki nuna musu bangon gaba tun farko.

Tun daga wancan wulaƙancin, duk abin da yaro ya faɗa nakan rubuta shi a allo da Hausarsa yadda ya faɗe shi, mu karanta tare, sannan in kwafe shi a littafi da sunansa da kwanan wata. Ki fara yin haka tun gobe, domin iyaye ma za su zo suna tambayar abin da 'ya'yansu suka koya, kuma wannan littafin za ki ɗauko ki nuna musu. Yara nawa ne a ajin naki? Idan suna da yawa, sai an raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da shafinsa.