Na'ana'a da ɗoɗɗoya: kada ka sayi tukunyar tatsar mai tukuna

Wani ɗan'uwa mai sayar da kayan yaji a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya aiko da tambaya. Wata mata mai haɗa sabulu da man shafawa a Ikeja ta sayi busasshiyar na'ana'a a wurinsa sau biyu, a karo na uku ta dawo da kayan, ta ce ƙamshin ba irin na da ba ne. Yana tambaya ko ya zuba jarinsa a tukunyar tatsar man ƙamshi daga ganyen, ya bar sayar da ganye.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce ka riƙe kuɗinka tukuna, domin matar nan da gaskiyarta, kuma tukunya ba za ta gyara abin da ya sa ta dawo da kayan ba.

Na'ana'a da ɗoɗɗoya, wadda abokan cinikinka Yarbawa ke kira efinrin, da tayim da rozmari, har da rizga da tumuku, duk dangi ɗaya ne da masana ke kira Lamiaceae, mai nau'i wajen 7,000. Ka murza karan na'ana'a tsakanin yatsunka za ka ji kusurwa huɗu, ganyen kuma biyu-biyu ne suna fuskantar juna. Sai dai masana ba su tsaya a siffa ba, sun duba sinadaran da ke ciki. Reshen da ya haɗa na'ana'a da ɗoɗɗoya da tayim, wato Nepetoideae, shi ne mai yawan man ƙamshi da wani sinadari mai suna rozmarinik asid. Wasu rassan kuma sinadarai masu ɗaci ake samu a cikinsu, man ƙamshinsu kaɗan ne. Ɗinya ma yanzu a dangin nan ake lissafa ta, amma ba wanda zai nemi man ƙamshi irin na na'ana'a a ganyenta.

Wannan rabe-raben shi ke yanke farashi. Na'ana'ar da masu shayi suka fi sakawa, mai ƙamshi mai daɗi marar yaji sosai, sinadarin da ya rinjaya a cikinta karvon ne. Wadda ke sanyaya baki da fata kuwa, irin ta man goge haƙori da man zafi, mentol ne ƙarfinta, kuma a mai na ƙwarai yakan kai kashi 30 zuwa 55 cikin ɗari. Mai sabulu sanyin nan take biya. Idan dillalinka ya kawo maka ta shayi a buhu na uku, a idonka duk na'ana'a ce, ita kuwa wani kaya daban ta gani.

Ɗoɗɗoya ta fi rikitarwa, domin nau'i ɗaya ne, ganye iri ɗaya, amma wata yujinol ne ya yi mata yawa, shi ne ƙamshin kanumfari, wata kuma taimol, ƙamshin tayim. Ka murtsuke ganyen a tafin hannu ka shinshina, sau da yawa hanci kan raba su. Mai miya ba ruwanta. Kamfani kuwa da ruwansa.

Game da tukunya, ka yi lissafi da kyau. Ɗanyen ganye kilo 100 da wuya ya ba ka lita ɗaya ta mai. Ka ɗora kuɗin mota daga Arewa ko Jos, da gas, da ruwa, da hayar wuri a Legas, sannan ka tuna za ka yi gogayya da man da ake shigowa da shi daga Indiya, ƙasar da ta fi kowa noman na'ana'ar mentol. Tatsa a bakin gona take biyan kuɗinta, inda ake yanka ganye a zuba a tukunya a ranar.

Abin da nake so ka fara yi shi ne ka kama manomi ɗaya ko biyu, ku yi yarjejeniya a kan iri ɗaya. Na'ana'ar mentol da dashe ake yaɗa ta, don haka idan ya samu irin da matar nan take so, ya riƙe shi kada ya gauraya. A shanya a inuwa, domin rana tana kwashe man. A busar da shi can kafin ya taso, saboda laimar Legas, musamman da damina, kan sa ganye ya yi fumfuna cikin 'yan kwanaki. Kada ka jera buhunan kusa da daddawa ko busasshen kifi.

Sai ka ɗebi samfur ka kai ɗakin gwaji a auna sinadaran mansa. Ka fara tambaya a FIIRO, cibiyar binciken masana'antu ta tarayya da ke Oshodi, ko sashen harhaɗa magunguna na wata jami'a, kuma ka ji kuɗin gwajin kafin ka kai. Da takardar sakamako a hannu ka koma wurin matar, ku rubuta irin da take so da yawan da za ta ɗauka duk wata, ka nemi ta ba da kafin alƙalami. Idan kuma ka fara ƙulla ganyen a leda da sunanka don shaguna, to rajistar NAFDAC ta zama dole, ka sa kuɗinta cikin lissafi tun yanzu.