Tsohon akwatin katako: yara za su iya taya ni gyara shi?

'Yar'uwa, kin ce kin samo tsohon akwatin katako, fentinsa yana ɓarewa, cikinsa yana warin danshi, kuma kina so yara su sa hannu.

Don Allah kada ki fara goga samfefa a kan fentin nan. Tsofaffin fenti da yawa akwai dalma a ciki. A Amurka ma sai 1978 aka hana ta a fentin gidaje. Ƙurarta tana bin hannun yaro zuwa baki, ta cutar da ƙwaƙwalwarsa. Ki nemi abin gwajin dalma ki gwada tukuna. In akwai, a raba yara da akwatin gaba ɗaya.

In babu, haɗa ruwan khal da ruwa rabi da rabi, ki matse tsumma sosai ki goge ciki da waje. Kada ki jiƙa shi, katakon zai kumbura ya bankare. Ki bar shi a buɗe a inuwa kwana biyu, zafin rana tsaga shi yake. Leƙa ƙasansa kuma: ƙananan ramuka da gari mai laushi a bakinsu, ƙwaro yana ciki har yanzu.

Samfefa aikinki ne, mai kaushi lamba 120 sannan mai laushi lamba 220, kina bin tsawon katakon. Yara su karɓi burushi da fentin da ake haɗawa da ruwa, shafi biyu sirara, awa huɗu tsakani. Mai kauri gangarowa yake, ya bushe da tabo. Murfin ya zauna a buɗe mako guda, in ba haka ba zai manne. Ki kuma cire sakatar da ke kulle kanta, kada yaro ya shiga ciki ta rufe shi.