Wai yaranka za su rubuta aibinka

Jikana, saƙonka ya iso, kuma sai da na yi dariya har kakarka ta leƙo ta ga ko lafiya. Wato an ba ka shugabancin sashe a wurin aikinku, ga shi yanzu an raba wa na ƙasa da kai takarda su rubuta halinka ba tare da sa suna ba, kai kuma kana tambaya ko a al'ada yaro yana auna babba, ko wannan rashin kunya ce ta zamani. Dariyar ba ta daɗe ba fa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata uku kacal da hawanka kujera har ka fara kiran abokan aikinka "yarana".

Lokacin da na fara koyarwa, gemu bai ma fito mini ba, na yi aiki ƙarƙashin wani hedimasta mai zafin rai na gaske. In ya fusata har takardar hannunsa rawa take yi. Amma shi da kansa ya san haka. Akwai wani tsohon masinja da ya girme shi nesa ba kusa ba, ba ya karatu ba ya rubutu, kullum yana zaune kan benci a bakin ofis. Mu sababbin malamai mun ɗauka tsohon ciwon ƙirji gare shi, don yawan tarinsa. Ashe yarjejeniya ce tsakaninsu: duk sa'ad da muryar maigida ta wuce kima, tsoho zai yi tari sau biyu.

Ranar da na gane haka ranar jarrabawa ce. Ɗalibai sun zauna, malamin da zai kawo takardun tambaya bai zo ba, rana ta take. Da ya iso, hedimasta ya tara mu duka a ofis, ya tsayar da shi a tsakiya, ya sa akawu ya ɗora takarda a kan tafireta, ya fara faɗa masa wasiƙar da za a kai ofishin ilimi a kori mutumin. Malamin yana son magana, an hana shi. Ba ka jin komai sai ƙarar tafireta. Mu kam kowa ya sunkuyar da kai, har da waɗanda suka san gaskiyar zancen. Sai tari daga bakin ƙofa. Hedimasta ya ci gaba. Tari ya sake zuwa, wannan karon da ƙarfi kamar tsohon zai shiɗe. Na ga wuyan maigida ya kumbura, ya dubi ƙofa, ya dubi akawu, ya zare takardar da hannunsa, ya jefa a aljihun tebur ya kulle, ya ce kowa ya koma aji, gobe a yi maganar. Washegari da ya duba sanarwar da ya aika wa malamin, sai ga kwanan watan da shi da kansa ya rubuta ba daidai ba. A gabanmu, a wurin nan da ya tsayar da shi, ya ba shi haƙuri. Ban ga girmansa ya ragu ko kaɗan ba. Daga ranar ma, in ya ce a yi abu, da gudu ake yi.

Mahaifina, wato kakan babanka, yakan ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yakan ƙara da cewa mai mulki tudunsa ya fi na kowa tsawo, domin kowa sharar yabo yake kawo masa. In ka ce da shi wane ya iya shugabanci, tambayarsa ɗaya ce: wa yake iya ce masa "a'a" ya kwana lafiya? Malaminmu na allo kuma bai gajiya da karanto mana huɗubar Sayyidina Abubakar ranar da aka yi masa mubaya'a a shekarar 632, inda ya ce an ɗora shi a kan jama'a alhali ba shi ne mafificinsu ba, in ya kyautata su taimake shi, in ya karkace su miƙar da shi. An kuma ruwaito Sayyidina Umar yana roƙa wa duk wanda ya kawo masa aibobinsa rahama, yana lissafa hakan a matsayin kyauta. To ka ga su wa ake yi wa gyara, balle kai da tebur ɗinka guda.

Kada ka ce zancen mutanen da ne kawai. A watan Maris na 1977 muka ji a rediyo jirage biyu manya, na Holan da na Amurka, sun yi karo a filin jirgi na tsibirin Tenerife cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Matuƙin jirgin Holan shi ne babban mai horar da matuƙa a kamfaninsu. Injiniyan da ke zaune bayansa ya tambaya ko ɗayan jirgin ya kauce daga hanya, shi kuwa ya amsa da cikakken tabbaci cewa ya kauce, aka yi shiru. Bayan wannan da wasu haɗurra irinsa ne kamfanonin jirage suka shiga koya wa ƙananan ma'aikata buɗe baki, suka koya wa manya saurare. Ƙwarewa ba ta gaza masa ba. Bai san yadda muryarsa take rufe bakin na kusa da shi ba.

Abin da ke ba ni takaici da ku 'yan yanzu, kowa na da madubi a aljihu, yana ɗaukar hoton fuskarsa safe da yamma, amma a ce masa gyara kayanka sai ya ji an ce sauke mu raba. Kun saba a danna muku alamar yabo a Facebook, wanda ya ƙi kuma a toshe shi. Da wannan tarbiyya mutum zai hau kujera.

Ban ce takardar nan ta burge ni ba fa. Ɓoye suna yana ba matsoraci baki, yana kuma ba mai ƙullin zuciya dama, kuma ni na fi son a dube ni ido da ido. Sai dai in mutanenka sai sun ɓuya kafin su faɗa maka gaskiya, wannan ma wani bayani ne a kanka, ba a kansu kaɗai ba.

In takardun suka zo, kada ka karanta su da yunwa, kada kuma ka zauna kana lalube wa ya rubuta wanne. Abin da mutum ɗaya ya faɗa ka ajiye shi gefe. Wanda uku ko huɗu suka haɗu a kai, kawo mini shi in ka zo hutu, in gaya maka ko tun kana rarrafe kake da shi, don wasu na san daga wajen wa ka gado su. Kakarka tana gaishe ka, ta ce saurin katse mutane in suna magana ba daga ɓangarenta ba ne.