Tabon ruwa a gilashin mota bayan wanki

Malam, ka ce an wanke maka mota a Abuja, gilashin ya fito da ɗigo-ɗigon fari da ya ƙi fita. Yawanci ruwan burtsatse ne: rana ta busar da shi, sinadarin kalsiyam ya maƙale. In kuwa hazo-hazo kake gani, ragowar sabulu ce.

Haɗa farin binega da ruwa rabi da rabi, ka fesa wa gilashin a inuwa, lokacin da yake da sanyi. Bayan minti 2 ka goge da tsumma mai laushi, ka ɗauraye, kar haɗin ya zauna a fenti. Don Allah kar ka share ƙurar hunturu a bushe, karce gilashi take yi.

In ka gwada haka tabon na nan, ya ci gilashin ne, sai wurin masu gogewa da inji.