Tambayi Likita: Me ya sa hannun da ya shanye ke zabura idan an firgita mara lafiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama, yau wata tara. Idan aka ce ya miƙa hannu ya ɗauki kofi, sai ya daɗe yana fama kafin hannun ya motsa. Amma shekaranjiya yana shirin miƙawa, iska ta bugo ƙofa da ƙarfi, sai hannun ya tashi farat ɗaya kamar lafiyayye. Sai dai bai kai ga kofin ba, ya naɗe ya koma ƙirji. Haka ma idan ya yi hamma, hannun kan ɗaga da kansa. Wasu a gida na cewa sauƙi ne ya zo, wasu na cewa dama can ragwanci ne.
Wata mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Masu cewa ragwanci ne ba su yi masa adalci ba, kuma muna roƙon kada a sake faɗin haka a gabansa. Abin da kika gani sananne ne, an auna shi, an san dalilinsa.

Hanyoyin jijiya biyu ne manya ke kai saƙo ga tsokokin hannu. Ta farko tana tasowa daga saman ƙwaƙwalwa, ta gangaro, mafi yawanta ta tsallaka ɗaya ɓangaren kafin ta shiga laka. Shi ya sa ciwo a hagun ƙwaƙwalwa ke shanye dama. Ita ce ta motsin da mutum ya yi niyya da aikin yatsu, kuma ita ciwon ya fi lalatawa. Ta biyu tana tasowa ne daga gindin ƙwaƙwalwa, kusa da inda ta haɗu da laka, tana aika saƙo ga ɓangarorin jiki biyu, ta fi ƙarfi a kan gangar jiki da kafaɗa da gwiwar hannu. Sau da yawa ciwon bai taɓa ta ba. Ƙara mai ƙarfi ta ba-zata tana zuwa wannan wuri kai tsaye daga kunne, ba ta jiran a yi tunani.

A shekarun 1990, Josep Valls-Solé da abokan aikinsa a Basalona suka nuna cewa idan mutum ya riga ya shirya wani motsi yana jiran a ce "tafi", sai aka sakar masa ƙara mai firgitarwa, motsin da ya shirya ɗin ne ke fitowa, amma da wuri ƙwarai. Tsokar da kan ɗauki kusan milisakan 150 zuwa 200 kafin ta fara aiki sai ta fara a ƙasa da 100. (Milisakan 1000 ne daƙiƙa guda.) Kamar tarko ne da aka riga aka ɗana: ƙarar taɓa shi kawai take yi. Wanda bai shirya komai ba kuwa, zabura kawai zai yi, ya ƙifta ido, ya noƙe wuya.

A 2012, Claire Honeycutt da Eric Perreault na Jami'ar Northwestern a Amurka suka gwada haka a kan masu shanyewar ɓarin jiki. Idan su da kansu za su motsa shi, hannunsu na jinkirin farawa. Da aka saki ƙarar, sai ya fara da wuri kamar na masu lafiya. Wannan ya nuna cewa shirin motsin yana nan, fitar da shi ne ke wuya. Amma ga inda gizo ke saƙar: lanƙwasa gwiwar hannu ta fito da kyau, miƙewa kuwa ta gurɓace, domin tsokar damtse mai lanƙwasawa ta riƙa kutsowa tana janye hannun daga inda aka nufa. Abin da ya faru da Baba da kofinsa ke nan. A wannan shekarar ma, binciken da aka yi kan birai a ɗakin gwajin Stuart Baker a Newcastle ta Ingila ya nuna cewa bayan hanya ta farko ta lalace, ta biyun na ƙara ƙarfi a kan tsokoki masu lanƙwasawa, ban da masu miƙewa.

Ɗagawar hannu lokacin hamma ita ma daga gindin ƙwaƙwalwa take, kuma ba ita ake dubawa a ce sauƙi ya samu ba. Abin da muke dubawa shi ne ko Baba na iya buɗe yatsunsa da gangan, ko da kaɗan ne, da kuma ɗaga damtse gefe ba tare da gwiwar hannu ta naɗe ba.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a sashen gashi, wato jinya ta hanyar motsa gaɓoɓi. An koya mana cewa wasu tsokoki na riga hannu fara aiki. Yaya firgita ke shafar su bayan wannan ciwo, kuma yaya ake aunawa?
Wani ɗalibi daga Kano

AMSA: Tun 1967 Belenkii da Gurfinkel da Paltsev suka bayyana wannan a Mosko. Idan mutum na tsaye ya ɗaga hannu gaba da sauri, tsokar bayan cinya da ta gadon baya na kamawa kafin tsokar gaban kafaɗa, da tazarar milisakan 'yan gomomi, wani lokaci har kusan 100. Idan kuma miƙawa zai yi ya kamo abu mai nisa, tsokar sha-raɓa na saki, ta gaban ƙwauri ta kama, matsin ƙafa a ƙasa ya koma wajen dunduniya, wannan ya tura jiki gaba. Duk wannan na faruwa kafin hannu ya gusa ko kaɗan, ba gyara ne ake yi bayan an tangaɗa ba. Ƙwaƙwalwa ce ke ƙiyasta abin da hannun zai jawo wa jiki, ta tare shi tun da wuri.

Bayan shanyewar ɓarin jiki wannan shiri na zuwa a makare, ya zo da rauni, musamman a ɓangaren da ya shanye. Abin da ɗalibai da yawa ba sa lura da shi: ko da lafiyayyen hannun aka miƙa, matsalar na nan, domin ƙafa da ƙugun da za su tallafe shi ba su shirya a kan lokaci ba.

Wajen aunawa, ana manna wayoyin EMG, na'urar da ke nuna lokacin da tsoka ta kama, a tsokar gaban kafaɗa, gaba da bayan damtse, gadon baya, gaban ƙwauri da sha-raɓa, mutum ya tsaya a kan faranti mai auna matsin ƙafa. Ana ba shi alamar "shirya", bayan daƙiƙa biyu ko uku a ba shi alamar "tafi". A kaɗan daga cikin gwaje-gwajen, ba tare da ya sani ba, sai a saki ƙara mai ƙarfin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 120 zuwa 130, gajeriya, kamar milisakan 40. Shaidar cewa ya firgita da gaske ita ce doguwar tsokar gefen wuya, wadda ta taso daga bayan kunne zuwa ƙashin ƙirji, ta kama cikin milisakan 120. Kada ka dogara da ƙifta ido, domin ido na ƙiftawa ko da firgitar ba ta kai ba.

A masu lafiya, ƙarar na sakin jerin gaba ɗayansa a yadda yake: ƙafa, gangar jiki, sannan hannu. Aikin da aka yi a Jami'ar Maryland a kan masu miƙa hannu a tsaye ya nuna cewa a masu wannan ciwo sakin ba ya yawan faruwa kamar na masu lafiya. Kada ka ɗauka wannan ya ci karo da sakamakon 2012. Can a zaune aka yi, gaɓa ɗaya ake motsawa, an tallafe hannun. Nan kuwa dole a haɗa tsayuwa da miƙa hannu cikin shiri guda, kuma a ganinmu wannan haɗawar ce ta fi shan wahala. Har yau masana na saɓani a kan ko a gindin ƙwaƙwalwa ake ajiye shirin, ko a samanta ake ajiye shi, ƙarar ta sako shi ta gajeriyar hanya.

TAMBAYA: To ko mu riƙa buga kwano a bayan Mama lokacin atisaye don hannun ya saba?
Wani mai karatu daga Maraɗi

AMSA: A'a, don Allah kada ku yi. Firgita na ɗaga bugun zuciya da hawan jini nan take, kuma yawancin masu wannan ciwo dama da hawan jinin suke fama. Idan tana tsaye za ta iya faɗuwa. Motsin da za ku samu mai naɗewa ne, wato ainihin abin da ake yaƙi da shi. Sannan wanda ke zaune cikin ɗar-ɗar jikinsa ƙara sandarewa yake yi. Masu bincike na duba jin mutum tukuna, suna auna ƙarar da na'ura, suna taƙaita yawanta. Ana kan gwada ko za a iya horo da ita, amma ba ta cikin maganin da aka amince a yi a gida.

TAMBAYA: Me za mu iya yi a gida da zai taimaka wa wannan shiri na jiki?
Wata matar aure daga Kumasi

AMSA: Hajiya, ki fara nuna wa likitan gashi abin da za mu faɗa, domin shi ya ga jikin maigidan. Wurin zama shi ne rabin aikin. A sami kujera mai tauri, ban da katifa ko kushin mai lotsawa. Tafin ƙafa biyu su kwanta a ƙasa, dunduniya ta ɗan koma bayan gwiwa, nauyi ya rabu daidai a kan ɗuwawu biyu. Idan ƙafar da ta shanye na reto ko ta zame gaba, jiki ba shi da abin dogara, kuma hannu ba zai yi nisa ba.

A sa tebur mai santsi daidai tsayin cibiya, a shimfiɗa ƙyalle a ƙarƙashin hannun. Dalili shi ne, duk lokacin da kafaɗa ta ɗauki nauyin hannu da kanta, gwiwar hannu da yatsu na ƙara naɗewa. Idan tebur ya ɗauke nauyin, za ki ga hannun ya miƙe fiye da yadda kika saba gani. Ya tura ƙyallen zuwa wani abu na gaske, kofi ko carbi ko waya, domin jiki ya fi shirya wa abin da ido ke gani.

Ki ba shi lokacin shiri. Ki ce, "Dubi kofin. Taka ƙafarka. Ɗaya, biyu, uku." Murya a kwance, ƙidaya iri ɗaya kowane lokaci, a kashe rediyo da talabijin.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ya ɗage kafaɗa zuwa kunne, ya kifo ƙirji gaba, gwiwar hannu na nan a lanƙwashe. Ya taɓa kofin, amma hannun bai koyi komai ba. Idan kofin na inda hannu zai kai, bayansa ya tsaya a jingine, ana iya zagaya zane sako-sako a ƙirji a ɗaura a bayan kujera don tunatarwa. Bayan haka a kwance zanen, a matsar da kofin taƙi ɗaya gaba da inda hannu ke kaiwa. A nan ana so ya sunkuyo daga ƙugu, baya a miƙe, nauyi ya sauka a kan ƙafar da ta shanye. Ki ɗora tafinki a kan gwiwarsa, za ki ji ko ƙafar na dannawa.

Yawa na da muhimmanci. Wani bincike na 2009 a asibitocin Amurka da Kanada ya samu cewa matsakaicin maimaita aikin hannu a zama ɗaya kusan 32 ne kawai, alhali an nuna cewa 300 na yiwuwa cikin awa guda. Ku fara da goma-goma sau uku, da hutun minti ɗaya a tsakani, safe da yamma, a riƙa ƙarawa duk mako. Idan motsin ya fara lalacewa, a huta.

Sai zaman ya kankama a koma tsaye, a gaban tebur mai nauyi, ke kina ɓangaren da ya shanye, hannunki a ƙugunsa. Kada a taɓa jan hannun da ya shanye don tayar da shi ko tare shi, domin kafaɗar na saurin gocewa. Ciwo mai suka a kafaɗa na nufin a dakata a ga likita. Idan kuwa baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko wani sabon rauni ya zo farat ɗaya, a tafi asibiti nan take a faɗi lokacin da abin ya fara, domin allurar narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi na farko aka saba yin ta, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa tukuna.