Ƙungiyarmu ta Gudu a Jidda na Neman Watsewa Tun Kafin Ranar Tsere

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu goma sha ɗaya ne a Jidda, akwai direbobi, akwai teloli biyu, akwai ɗaliban Jami'ar Sarki Abdul'aziz. Wata biyu ke nan muna fita gudu a bakin teku bayan sallar Asuba, sau huɗu a mako, da niyyar shiga rabin gudun famfalaki na Riyad. Yanzu saura kamar wata huɗu. Damuwarmu ita ce da zarar an tashi sai samarin cikinmu su yi gaba, mu kuma mu bi su da haki don kada a ce mun gaza. Mutum biyu sun kwanta da ciwon ƙwauri. Babbanmu, mai shekara 52, wanda shi ya haɗa mu, ya ce zai janye don kada ya zame mana kaya. Wasu na cewa a raba ƙungiyar biyu. Ni aka ɗora wa jagoranci kuma ban taɓa horar da kowa ba. Yaya za mu yi? Ɗan'uwanku daga Hindawiyya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara zumunci. Kada ku raba ƙungiyar, kuma kada ku yarda Baba ya janye. Abin da ka faɗa na gan shi a hannun masu gudu da yawa, kuma tushensa ɗaya ne: kuna yin tsere sau huɗu a mako, alhali atisaye kuka fito. Ciwon ƙwaurin nan, da hakin, da karayar zuciyar Baba, duk daga nan suka fito.

Rabin famfalaki kilomita 21 ne da 'yan mitoci. Ga sabon shiga, awa biyu ne zuwa uku a kan ƙafa. Abin da ke kai mutum ƙarshen irin wannan tafiya shi ne juriyar zuciya da huhu da tsoka, kuma juriyar nan a gudu mai sauƙi take ginuwa. Ku da ke kusa da Makka ba ku buƙatar dogon bayani: ka tuna sassarfar da maza ke yi tsakanin korayen fitilu a Safa da Marwa. Kusan haka ya kamata yawancin gudunku ya kasance. Ma'auninsa baki ne. Idan kana gudu kana iya ba na kusa da kai labari, jimla bayan jimla, ba tare da numfashi ya yanke maka magana ba, kana kan hanya. Idan sai da kalma ɗai-ɗai kake amsawa, ka wuce gona da iri. Manyan 'yan gudun Kenya da Habasha, waɗanda ke gama cikakken famfalaki cikin awa biyu da 'yan mintuna, kusan kashi 80 cikin 100 na gudunsu mai sauƙi ne a wurinsu. Ka faɗa wa samarin nan haka, domin na san abin da ke ransu: suna ganin gudu a hankali ɓata lokaci ne. Su ne ma za su fi kowa cin ribarsa, don ranar da aka ware wa sauri za su zo da ƙafa mai ƙarfi.

To yaya mai shekara 22 da mai shekara 52 za su fita tare kowa ya ƙaru? Ku daina auna atisaye da kilomita, ku koma auna shi da agogo. Bakin tekun Jidda miƙaƙƙe ne, ya dace da wannan dabara ƙwarai. Ku tashi daga wuri ɗaya, ku yi minti 10 na farko a dunƙule, Baba a gaba, kowa a bayansa. Daga nan kowa ya kama nasa takun. Idan gudun ranar na minti 50 ne, a minti na 25 cif kowa ya juyo daga duk inda ya kai. Mai sauri ya yi nisa, mai nawa bai yi ba, amma dawowa ɗaya za ku yi, kusan a lokaci ɗaya za ku iso inda kuka bar motoci. Ba wanda aka tsaya jira, ba wanda ya iso shi kaɗai ana kallonsa. Ina son wannan tsari saboda yana cire kunya daga cikin lamarin, kuma kunya ce ta kwantar muku da mutum biyu. Sharaɗi ɗaya kawai: kada kowa ya yi gudu shi kaɗai. Ku kasu bibbiyu ko uku-uku gwargwadon taku, kuma kai jagora ka riƙa zama a baya. Daga baya ne ake ganin wanda ya fara ɗingishi.

Fita huɗu a mako ta yi wa mafi yawanku yawa a yanzu. Ku mayar da ita uku. Lahadi sassarfa ta minti 30 zuwa 40. Talata ranar sauri: bayan an ɗumama jiki, minti 3 da ƙarfi, minti 2 ana tafiya ana haɗuwa, sau biyar ko shida. A nan samari su huce, amma ko a nan ba gudun ceton rai ake yi ba, a bar ɗan saura a jiki. Na zaɓi Talata da gangan, don na san a cikin mutum goma sha ɗaya ba a rasa mai azumin Litinin da Alhamis, kuma aikin da ke sa gumi sosai bai dace da ranar da ba za a sha ruwa ba sai magariba. Juma'a bayan Asuba, tunda hutu ce, ita ce ranar dogon gudu, kuma ita ce uwar atisayen gaba ɗaya. Ku fara da minti 50, kuna ƙara minti 10 duk mako, amma kowane mako na huɗu ku rage ku koma baya don jiki ya murmure. Da haka za ku kai awa biyu, ko kilomita 17 zuwa 18, ana saura mako uku tsere. Ba lallai ne ku cika 21 a atisaye ba. Mako biyun ƙarshe kuwa na ragewa ne, kusan rabin abin da kuka saba. Duk mai son fita ta huɗu ya yi ta shi da abokinsa, a hankali.

Baba da duk wanda numfashi ke wahalarwa su yi minti 4 suna gudu, minti 1 suna tafiya, tun daga farko, kafin gajiya ta zo. Mutane da yawa sun gama cikakken famfalaki a haka, kuma lambar da ake rataya musu iri ɗaya ce da ta kowa.

Masu ciwon ƙwauri. Zuciya da huhu suna sabawa da gudu cikin makonni, amma ƙashi da agara sai an ɗauki watanni. Shi ya sa saurayi ke jin numfashinsa ya buɗe, ya ƙara wuta, sai ƙafa ta ƙi. Ka sa su shafa ƙwaurin da yatsa. Idan ciwon a shimfiɗe yake a gefen ciki na ƙashin, tsawon tafin hannu ko fiye, kuma yana lafawa idan an huta, to su bar gudu mako biyu, su yi keke ko iyo, sannan su dawo da gudu haɗe da tafiya. Amma idan wuri ɗaya ne tak da za a iya nunawa da kan yatsa, yana zafi idan an yi tsalle da ƙafa ɗaya, ko yana damun mutum da dare yana kwance, wannan yana iya zama tsagewar ƙashi. Sai likita, kuma a sani cewa hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsagewa a makonnin farko. Ina roƙonku da babbar murya kada kowa ya haɗiyi ibuprofen ko diclofenac don ya samu ya fita gudu. Suna rufe ciwon, kuma idan suka haɗu da zafi da ƙarancin ruwa a jiki suna iya taɓa ƙoda. Direbobinku kuma, da ke yini a zaune, su riƙa ɗaga dunduniya a bakin matakala sau 15, zagaye uku, da tsuguno da tashi, sau biyu a mako. Takalmi ya kasance na gudu ne na gaske, da sararin faɗin babban yatsa a gaba, kuma idan ya ci kilomita 600 zuwa 800 ya gama aikinsa ko da bai yage ba.

Yanzu zafi, wanda ban ga ka ambata ba, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Jiki yana sanyaya kansa ne idan gumi ya bushe a fata. A Jidda iskar teku cike take da laima, gumi sai dai ya tsiyaya ƙasa bai bushe ba, don haka ruwa na fita, zafi na nan. A gasar duniya ta 2019 a Doha an ɗaga famfalakin mata zuwa tsakar dare don gudun rana, duk da haka cikin mata 68 da suka tashi, 28 ba su kai ƙarshe ba. Waɗannan ƙwararru ne da gudu ne sana'arsu. Saboda haka ranar da ka ji iska ta yi nauyi, a rage taku, ba gazawa ba ce. Kowa ya hau ma'auni kafin dogon gudu da bayansa, ko sau biyu ne: duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Mai kilo 70 da ya rasa fiye da kilo ɗaya da rabi bai sha isasshe ba. Wanda kuma nauyinsa ya ƙaru ya sha fiye da kima, wannan ma haɗari ne, don yana tsinka gishirin jini. A famfalakin Boston na 2002, cikin waɗanda aka gwada jininsu a ƙarshe, 13 cikin 100 gishirinsu ya yi ƙasa. A sha gwargwadon ƙishirwa, kurɓi-kurɓi. Gudun da ya wuce awa ɗaya a haɗa da ruwan gishiri da sukari na kantin magani, da dabino biyu ko uku duk rabin awa. Kuna ƙasar dabino, ba ku da buƙatar kashe riyal a kan kayan zaƙin leda da ake sayar wa 'yan gudu. Idan kuwa wani ya fara magana ba kan gado, ko yana tangaɗi, a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwan sanyi da ƙanƙara a jiki nan take, a kira motar asibiti a 997. Sanyayawar ita ce farko, kada a jira motar.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, wato yana ɗauke da rabin sikila, kuma da yawa ba su sani ba. Mafi yawansu suna gudu lafiya ƙalau, ba na hana kowa. Amma gudun ƙure ƙarfi cikin zafi da ƙishirwa, irin na bin wanda ya fi ka sauri don kunya, shi ne yanayin da ke iya sa mai AS ya faɗi. Alamarsa ƙafafu su mutu, tsoka ta yi ciwo amma ba ta ƙulle kamar ta mai ɗaurewar jijiya ba. Kowa a cikinku ya san ko shi AS ne ko a'a, kai ma ka san na kowa, kuma duk wanda ya ce a tsaya, a tsaya ba gardama. Mai zazzaɓi kuma ba ya fita, ko da ya ce ya ji sauƙi.

Riyad daban take da Jidda. Tana kan tudu, kusan mita 600 sama da teku, iskarta busasshiya, kuma safiyar hunturu tana iya sauka ƙasa da digiri 10. An fara wannan gasa a Maris na 2022, daga 2023 zuwa 2025 kuma a Fabrairu aka yi ta. Sanyin zai yi muku daɗi har ya ruɗe ku ku tashi da wuta, ga taro, ga kiɗa. Kilomita 5 na farko ku yi su a hankali fiye da yadda jiki ke so. Ku tafi da tsohuwar rigar sanyi da za ku iya cirewa a wurin tashi. Tafiyar mota daga Jidda ta kusa kilomita 1,000, don haka ku isa da kwana ɗaya ko biyu a hannu, kada a kwana a zaune a mota a wayi gari a filin tsere. Ba a fafe gora ranar tafiya: takalmi, safa, karin kumallo, duk su zama waɗanda kuka gwada a gudun Juma'a. Kuma a gasar akwai zangon kilomita 10. Masu ciwon ƙwauri, idan jinyar ta ja, su yi rajistar wannan, ku tafi tare ku dawo tare.

Game da Baba, a shekara 52 ya kamata ya fara ganin likita: a auna hawan jini da suga, a duba bugun zuciya, ya kuma faɗi gaskiya idan yana jin nauyi a ƙirji ko jiri yayin gudu, ko akwai wanda zuciya ta ɗauke farat ɗaya a danginsu. Duk wanda ya haura 40 a cikinku ya bi shi su je tare, hakan zai sa kada ya ga kamar shi aka ware. Idan likita ya sallame shi, kada ka aika masa saƙo a waya. Ka ɗauki biyu daga cikin samarin nan ku je har gida, ku gaishe shi, ku ce masa mai horarwa ya ce ana buƙatar wanda zai riƙe wa ƙungiya taku a minti goman farko na kowace fita, kuma shi aka zaɓa. Ranar Juma'a mai zuwa shi zai tsaya a gaba, minti 50, a juyo a na 25.