Me ya sa siririn bene yake daɗewa a ƙasa kafin ya tashi?

Tambaya: Ina sana'a a Obalende da ke Legas, kullum ina wuce wani fili a Ikoyi da aka kewaye da kwano. Shekara guda ke nan manyan motoci na shiga suna fita, amma ko hawa ɗaya ban gani ba, alhali an ce dogon bene ne siriri na masu kuɗi za a gina. Me suke yi a ciki? Kuma yaya zai tsaya a kan yashi?

Amsa: Malam, aikin da ba ka gani ɗin, wato harsashin ginin, yana da tsada da haɗari. Injiniyoyi kan kira bene siriri idan tsayinsa ya ninka faɗin gindinsa sau 10 ko fiye. A birnin Niyok na Amurka, benen 432 Park Avenue da aka kammala a 2015 ya kai mita 426, ninki 15 na faɗinsa. Sai dai can dutse yana kusa da saman ƙasa. A Ikoyi da Lekki kuwa, yashi ne da laka mai taushi, ka haƙa mita ɗaya ko biyu ka tarar da ruwa.

Shi ya sa ake fara da gwajin ƙasa: a huda ramuka masu zurfi, a ɗebo samfuri daga kowane mataki a kai ɗakin gwaji. Sakamakon ne zai faɗi zurfin turakun kankare da za su ɗauki ginin, kuma ga bene irin wannan sukan wuce mita 30. Ana huda ramin kowane turke, a cika shi da ruwan yumɓu na musamman don kada bakinsa ya rufta, a zura kejin rodi, sannan a tura kankare ta bututu tun daga ƙasan ramin yana hawowa. Idan aka janye bututun ya fita daga cikin ɗanyen kankaren, laka ta shiga tsakani, turken ya yanke ke nan, kuma ido ba ya ganinsa. Don haka dole a ɗora wa wasu turakun nauyin da ya zarce wanda za su ɗauka, a auna nutsewarsu.

A kan turakun ake zuba daɓe mai kauri, wani lokaci mita biyu zuwa uku. Kankare mai kauri haka yana zafi daga ciki, kuma idan bambancin zafin ciki da na waje ya haura digiri 20 sai ya tsage. Shi ya sa za ka ga motocin kankare na jerin gwano da dare. Ga kuma ruwan gishiri da ke cin rodi. Wanda ya rage kaurin kankaren da ke rufe rodi don tsimi, tsatsa zai saya wa masu gidan.

Da ya tashi kuma, iska ce abokiyar gaba. Bangon kankaren da ya kewaye lif da matakala shi ke riƙe ginin, amma duk da haka samansa kan yi lilo har mazauna su ji jiri. A benen 111 West 57th Street da ke Niyok an ɗora nauyin tan 800 a can sama, yana motsi saɓanin motsin ginin don ya kwantar da shi.

Takardu ma na cin watanni: izinin gini daga LASPPPA, hukumar ba da izinin gini ta jihar Legas, binciken LASBCA, hukumar sa ido kan gine-gine ta jihar, a kowane mataki, da amincewar hukumar jiragen sama ta NCAA kan tsayi. Ana kuma murƙushe samfurin kankare a kwana 7 da kwana 28 don tabbatar da ƙarfinsa. Tun rushewar bene mai hawa 21 a titin Gerrard da ke Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, inda sama da mutum 40 suka rasu, mai shirin sayen gida a irin wannan bene ya kamata ya nemi ganin yawan hawan da aka amince, ya gwada da wanda ake tallata masa. Turakun da aka lissafa wa hawa 15 ba za su ɗauki 20 ba don kasuwa ta yi kyau.